Waƙar Zaure da Waƙar Faifai: Sharhi a kan Fim ɗin Koriya Mai Suna Haeeohwa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi sharhi a kan wani fim na ƙasar Koriya ta Kudu mai suna Haeeohwa, wanda Park Heung-sik ya ba da umarninsa, aka kuma fara nuna shi a watan Afrilu na 2016. A kasuwannin waje da sunan Love, Lies aka san shi. Duk wanda ya kalle shi sau ɗaya zai ce labarin kishi ne: mata biyu aminan juna, namiji ɗaya a tsakaninsu, ga kuma Yaƙin Duniya na Biyu yana ci. Haka ɗin ne kuwa. To amma a ƙarƙashin wannan labari akwai wata gardama wadda ta fi shafar manazarta harshe da adabi, watau wace irin waƙa ce ta cancanci a kira ta muryar al'umma a lokacin da baƙo yake mulkin ƙasa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, fim ɗin ya tayar da wannan tambaya yadda ya kamata, sa'an nan ya bar ta a hanya ya fake da kishin mace, kuma hukuncin da ya yanke daga ƙarshe, ko da yake yana da ƙarfi, bai tanadar masa isassun shaidu ba.

Furen da Ke Jin Magana

Ma'anar sunan fim ɗin ita ce "furen da ke fahimtar magana". Asalin kalmar daga ƙasar Sin take, inda aka ce Sarki Xuanzong na daular Tang ne ya yi wa ƙwarƙwararsa Yang Guifei wannan kirari. A Koriya sai ta zama laƙabin wani rukunin mata da ake kira gisaeng. Kirari ne mai zaƙi a baki, amma mai karatu zai lura da abin da ya ɓoye: fure dai fure ne, abin ado, abin tsinka, kuma an yabe shi da jin magana ne, ba a ce yana da tasa maganar ba.

Da wuya a sami kalmar Hausa guda da za ta ɗauki ma'anar gisaeng. In aka ce zabiya an rage mata ilimi, in aka ce karuwa an zalunce ta. A zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392, waɗannan mata bayin hukuma ne, suna cikin aji mafi ƙasƙanci a tsarin zaman jama'a, amma kuma su ne aka koya wa waƙa da rawa da kiɗa da rubutu don su nishaɗantar da manyan malamai da masu sarauta. Daga cikinsu aka sami Hwang Jin-i ta ƙarni na 16, wadda har yau ake karanta waƙoƙinta a makarantun Koriya. An soke tsarin bauta a 1894, Japan kuma ta haɗiye ƙasar a 1910. Da hukuma ta daina riƙe su, sai suka koma ƙarƙashin wasu ƙungiyoyi da aka riƙa kira gwonbeon, sunan da aka aro daga tsarin Japanawa. Gwonbeon makaranta ce, kuma ofishin dillanci ce: ita ke horar da yarinya, ita ke aika ta gidajen cin abinci na manya, ita ke karɓar kuɗi. A irin waɗannan wurare ne wani babban gwanin waƙar gargajiya, Ha Gyu-il, wanda ya rasu a 1937, ya koyar da 'yan mata da yawa, kuma ta hannunsu ne wani sashe na wannan fasaha ya tsira. Bai kamata a manta ba kuma cewa a boren neman 'yanci na Maris 1919 an sami gisaeng da suka fito zanga-zanga a garuruwa irin su Jinju da Suwon.

Labarin a Taƙaice

An buɗe fim ɗin a 1991, da gano wani tsohon faifai da aka ɗauka ya ɓata, na wata mawaƙiya Seo Yeon-hee. Wata tsohuwa ta fito ta ce ita ce. Daga nan aka koma baya zuwa Gyeongseong, sunan birnin Siyol a zamanin mallaka, a wajajen 1943. Jung So-yul, wadda Han Hyo-joo ta fito a matsayinta, 'yar gida ce a gwonbeon, ta gaji waƙar gargajiya da ake kira jeongga, ba ta da na biyu a cikinta. Yeon-hee kuwa, wadda Chun Woo-hee ta fito a matsayinta, talauci ne ya sa mahaifinta ya kai ta gidan tun tana ƙarama. Suka tashi kamar 'yan uwa. Dukansu biyu suna son waƙoƙin zamani a ɓoye, gwanarsu kuma ita ce Lee Nan-young, mawaƙiya ta gaske wadda ta yi suna da waƙar nan "Hawayen Mokpo" a 1935.

Masoyin So-yul, Kim Yoon-woo, wanda Yoo Yeon-seok ya fito a matsayinsa, mai tsara waƙoƙin faifai ne. Burinsa ya yi waƙa guda mai suna "Zuciyar Joseon" wadda za ta sanyaya wa talakawa rai, ya kuma yi wa So-yul alkawarin ita za ta rera. Da ya ji muryar Yeon-hee sai ya ba ta waƙar, daga baya ya bi ta da zuciyarsa. So-yul ta miƙa kanta ga Hirata, shugaban 'yan sandan Japanawa, ta yi amfani da ikonsa aka haramta faifan Yeon-hee, ta kuma tilasta wa kanta zama mawaƙiyar zamani. Abin ya ƙare da mutuwar Yeon-hee a hannun Japanawa, Yoon-woo kuma ya kashe kansa bayan ya bar wa So-yul waƙa ɗaya da ya tsara dominta. Tsohuwar nan ta 1991 So-yul ce, ta ari sunan ƙawarta. A ƙarshe ne wani ma'aikacin gidan watsa labarai, ba tare da ya san da wa yake magana ba, ya yaba mata wani faifai na wata Jung So-yul da ba wanda ya tuna da ita.

Gaɓa Arba'in da Biyar da Minti Uku

Domin a fahimci abin da ya raba matan nan biyu, tilas a san yadda jeongga take. Ma'anar kalmar "waƙa madaidaiciya", kuma ta ƙunshi nau'i uku: gagok da gasa da sijo. Gagok ita ce mafi daraja, hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin kayan gadon al'adun duniya a 2010. Matanin da ake rerawa gajeruwar waƙa ce ta sijo mai layi uku, gaɓoɓinta ba su cika wuce arba'in da biyar ba, watau kamar tsawon baiti ɗaya ko biyu na rubutacciyar waƙar Hausa. Amma a gagok ana raba layukan nan uku gida biyar, a ja kowace gaɓa, har a tsaga wasali ɗaya ya zama biyu, ta yadda mafi jinkirin waƙoƙin kan kai minti goma ko fiye. Ana tafiya a kan zagayen kiɗa mai bugu 16 ko mai bugu 10. Mawaƙiya tana zaune a ƙasa, ba ta motsi, ba ta nuna komai a fuska, muryarta tana hawa daga ta ƙirji zuwa wata siririya ta ka, ta sauko. 'Yan kiɗa kaɗan ne a bayanta: geomungo da gayageum masu tsirkiya, sarewar gora da ake kira daegeum, haegeum mai kama da kukuma, da ganga janggu mai siffar kalangu. Wanda bai riga ya san matanin ba, da wuya ya tsinci kalmomin. Waƙa ce ta zaure, an yi ta ne don mutane kaɗan masu lokaci, waɗanda suka haddace baitin tun da can, suka zo jin yadda za a sarrafa shi.

Faifan garmaho na wancan zamani kuwa, fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Wannan ƙa'ida ta na'ura ita ta haifi waƙar zamani ta Koriya: gajeren baiti, kalmomi a fili, amshin da yaro zai kama a ji ɗaya. Kamfanoni irin su Columbia da Victor da Polydor da Okeh suka shiga neman muryoyi a shekarun 1930, kuma gwonbeon na daga wuraren da suka fara leƙawa. Wang Su-bok da Seonu Il-seon, dukansu daga makarantar gisaeng ta Piyongyang, ta wannan hanya suka zama taurarin faifai. Saboda haka abin da ya faru ga Yeon-hee yana da tushe a tarihi.

A nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi. Lokacin da Yoon-woo ya zaɓi Yeon-hee, dalilin da ya bayar na sana'a ne: murya yake nema wadda mai jan keken ɗaukar mutane da 'yar aikin masaƙa za su ji kukansu a cikinta, jeongga kuwa ta masu hali ce. So-yul ba ta da amsa, domin duk horon da aka yi mata na danne abin da ke zuci ne, a tace shi har ya zama zare. Abin da ya mai da ita gwana shi ne ya hana ta shiga faifai. Wuraren da aka nuna ta tana ƙoƙarin kwaikwayon salon ƙawarta, tana matsa wa muryarta ta yi abin da ba a gina ta dominsa ba, sun fi duk wani kuka da ta yi a fim ɗin ban tausayi. An yi dace kuma da 'yan wasan biyu suka rera waƙoƙin da bakinsu, domin mai kallo yana jin bambancin a kunne, ba sai an gaya masa ba. Manazarcin waƙar baka ta Hausa ba zai rasa gane wannan ciwo ba, ko da yake yanayin ya sha bamban: makaɗin fada wanda ya saba da ubangida ɗaya da masu sauraro da suka san kowane zambo, ba lalle ne ya iya abin da rediyo da kasuwa suke so ba, kuma rashin iyawar ba gazawar fasaha ba ce.

Zuciyar Wa?

Sai dai fim ɗin ya karɓi maganar Yoon-woo hannu biyu-biyu a mafi yawan tsawonsa, alhali maganar tana da rauni babba. Waƙar zamanin da yake kira zuciyar Joseon, ita ce aka gina a kan ma'aunin sauti biyar da kari mai bugu biyu irin na waƙoƙin Japan na lokacin. Kamfanonin faifan da jarin Japan suke tafiya, a Japan kuma ake buga faya-fayen. Wannan zargi ya bi irin waƙar har bayan samun 'yanci: a 1965 an hana sa shahararriyar waƙar Lee Mi-ja, "Budurwar Furen Dongbaek", a gidajen rediyo bisa hujjar tana da launin Japan, ba a ɗage hanin ba sai 1987. Jeongga kuwa, wadda Yoon-woo ya raina, ba wanda zai ce daga baƙi aka aro ta. Amma kuma a fim ɗin ita ce ake rera wa hafsoshin Japanawa a wuraren shaƙatawarsu. Ga kulli mai kyau ke nan: waƙar gida tana hidima wa baƙo, waƙar da ta yi aro daga baƙo tana lallashin 'yan gida. Marubucin da ya san abin da ke hannunsa da ya zauna a kan wannan kulli ya warware shi a hankali. Fim ɗin ya nuna rabinsa, ya rufe ido ga ɗaya rabin.

Akwai kuma matsalar shekarar da aka zaɓa. A 1943 ƙasar tana cikin mafi tsananin matsi. Tun 1933 aka kafa dokar tace faya-fayen garmaho. A 1940 aka rufe manyan jaridun harshen Koriya guda biyu, Dong-a Ilbo da Chosun Ilbo, aka kuma matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japanawa. A 1942 aka kama malaman Ƙungiyar Harshen Koriya waɗanda ke haɗa ƙamus, wasunsu suka mutu a kurkuku. A wannan shekara ta 1943 manyan mawaƙan faifai, irin su Nam In-su da Baek Nyeon-seol, waƙoƙin kiran samari zuwa yaƙin Japan suke rerawa, abin da ya sa sunayensu suka shiga ƙamusun masu haɗa kai da 'yan mallaka da aka wallafa a 2009, mai ɗauke da suna 4,389. To a irin wannan yanayi, faifai mai suna "Zuciyar Joseon" ba ya bukatar kishiya kafin a haramta shi. Hukuma da kanta za ta yi. Da fim ɗin ya ɗora alhakin hanin a wuyan So-yul, sai ya sauke wa mulkin mallaka kaya, ya mai da Hirata sandar duka kawai a hannun mace mai fushi. Ya kuma wanke Yoon-woo da duniyar faifai baki ɗaya, kamar ba su da abin da za su amsa.

Wannan ya fi fitowa fili in aka tuna da finafinan da suka zo tare da shi. Amsal na Choi Dong-hoon a 2015, wanda ya sami masu kallo fiye da miliyan 12, da Miljeong na Kim Jee-woon da Dongju na Lee Joon-ik a 2016, duk sun koma zamanin mallaka, kuma kowannensu ya ɗauki tambayar haɗa kai da baƙo da muhimmanci. Haeeohwa bai yi kasuwa kamar na farkon biyu ba. Ga alama ya faɗa tsakani ne: masu neman tarihi sun sami labarin soyayya, masu neman soyayya sun sami tauraruwar da ke da wuyar so.

So-yul

Duk da haka, wuyar son nan ita ce babbar riba. Fim ɗin bai ba da labarin daga bakin wadda aka kashe ba, ya ba da shi daga idon wadda ta jawo kisan. Kuma ya yi adalci wajen nuna cewa ita aka fara cuta. An ƙwace mata waƙa, an ƙwace mata masoyi, kuma mutanen biyu da suka yi mata haka ba su tsaya sun nemi gafara yadda ya kamata ba, sun ɗauka cewa fasaha da soyayya hujja ce da ta ishe su. Han Hyo-joo ta riƙe wannan hali da kamewa irin ta mai rera jeongga, fuska a daskare, abin yana tafasa a ciki. Tufafinta da kwalliyarta ma suna ba da labari: daga launuka masu haske na 'yammatanci zuwa masu duhu da jan baki mai kauri bayan ta shiga gidan Hirata. Wannan dabara ce da ta ɗan yi yawa, amma tana aiki.

Yeon-hee ce aka yi wa rowa. Chun Woo-hee 'yar wasa ce mai ƙarfi, amma rubutun bai ba ta dalili ba. Ba a nuna yadda yarinyar da aka yi wa riƙon 'yar uwa ta yarda ta ci amanar wadda ta riƙe ta ba. Ga kuwa abin da za a yi amfani da shi a kusa: ita 'yar talaka ce da aka sayar, So-yul 'yar gado ce, kuma duk ƙaunar da ke tsakaninsu ba ta share wannan ba. Sau ɗaya ko biyu aka taɓa batun aka wuce. Yoon-woo kuwa sauyin zuciyarsa ya zo da sauri ƙwarai, har mai kallo ya rasa ko muryar yake so ko mai muryar.

Faifai na Biyu

Waƙar da Yoon-woo ya bar wa So-yul, wadda daga gare ta aka sami sunan fim ɗin na Ingilishi, ta samo sunanta ne daga wata tsohuwar sijo da ake rerawa a gagok na mata. An tsara ta yadda za ta dace da muryar So-yul ta asali, siririyar nan mai ja. Yabon da ma'aikacin gidan watsa labarai ya yi mata a 1991 shi ne hukuncin fim ɗin: matar nan ta hallaka mutum biyu, ta binne sunanta na kusan shekara hamsin, tana neman muryar wata, alhali tata ta isa. Wuri ne mai taɓa zuciya, ko da yake kwalliyar tsufa da aka yi wa Han Hyo-joo ba ta gamsar ba, da an sa wata dattijuwa ta fito a wurin da ya fi.

Amma a duba yadda aka kai ga hukuncin. Na farko, jeongga ba ta sami yabo ba sai da aka yanke ta daidai faifai, aka ɗora ta a kan tsarin waƙar zamani, kuma namijin da ya ƙi ta tun farko shi ya yi ɗinkin. Na biyu, wanda ya yaba ɗin ma'aikacin na'urar nan ce da ta kori waƙar zaure. Na uku, kuma wannan ya fi damun mai sharhi, a cikin kusan awa biyu na fim ɗin ba a bar mai kallo ya zauna da jeongga ta gaske ko da na minti uku a jere ba. Da an fara ta sai a yanke, a koma fuskar wani mai sauraro ko wata magana. Waƙoƙin zamani kuwa ana ba su fili da fitilu da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, wasunsu ma sun fi kama da waƙoƙin soyayya na Koriya ta yau fiye da na 1943. Watau mai ba da umarni ya ji tsoron abin da Yoon-woo ya ji tsoro, cewa jama'a ba za su jure jinkirin ba. Saboda haka lokacin da aka ce wa So-yul muryarta ce mafi kyau, mai kallo yana yarda ne don an gaya masa, kuma don yana tausayinta. Da Park Heung-sik ya yi ƙarfin halin barin kyamara a kanta tun a farkon fim, tana zaune ba motsi, ta ja gaɓa goma sha biyar na layin farko har ƙarshensu, da mai kallo ya isa 1991 da abin da zai auna yabon da shi a kunnensa.